Sallar da Ta Faɗo Ranar Lahadi

Shekarun baya can, lokacin ina da rumfar tumatir da attaruhu a kasuwar Farin Gada, an taɓa tsoma ni cikin wani aiki da ya fi ƙarfin kaina. Har gobe in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai, wani lokacin kuma in ji idona ya kawo ruwa.

Wanda bai zauna a Jos a waɗancan shekarun ba, da wuya ya gane yadda garin ya koma bayan rikicin farko. Garin da muka tashi ana haɗa mu benci ɗaya a makaranta, ana kawo mana shinkafar Kirsimeti muna kai tuwon Sallah, sai ga shi ya rabe biyu. Ba katanga aka gina ba, amma kowa ya san inda ƙafarsa za ta tsaya. Ɗan acaɓa zai ɗauko ka, yana isowa wata kwana sai ya taka birki ya ce, "Oga, nan ne iyakata." Ka sauka ka nemi wani.

A wannan rabon ne muka rasa filin idinmu. Mu mutanen wani gefe ne na Anguwan Rogo, kuma filin yana can gindin wasu duwatsu. Kakanninmu da suka zo haƙar kuza su suka share shi. Hanya ɗaya ce ke kai mutum wurin, ita ma ta ƙofar wata coci take wucewa. A rikicin an ƙona rufin cocin, an kuma rushe ɗan mumbarin siminti da limami ke hawa a filin. Tun daga nan muka koma yin idi a matse a cikin layi. Sahu ya karkace ta kan kwata, wani yana sujada a ƙofar shagon tela, wani a gindin falwaya.

Limaminmu tsoho ne, aminin marigayi mahaifina, don haka Baba nake ce masa. Babban ɗansa yana cikin waɗanda ba su dawo gida ba a rikicin. Wata rana bayan la'asar ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci.

"Kai kullum kana tare da Kiristoci a kasuwa," in ji shi, "kuma ka yi boko. An gayyace mu taron zaman lafiya a Rayfield, unguwar manya. Kai za ka raka ni. In da hali a taɓo maganar filin nan. Ina so in sake jan salla a can kafin in mutu."

Bokon da Baba yake magana, sakandare ce na gama da ƙyar. Turancina na ciniki ne, na "nawa za ka saya". Amma jin an ce Rayfield sai kaina ya kumbura. Na yi kwanaki ina haddace jawabi da Turanci a gaban madubi, ina ɗaga hannu kamar ɗan majalisa. Matata tana tankaɗe tana kallona, ta ce, "Allah dai ya sa su gane."

Ba su samu damar ganewa ba, domin ko kira na ba a yi ba. Wani katafaren zaure ne mai kafet, manyan mutane a gaba, ana ta raba lemon kwalba da biskit. Duk wanda ya hau sai ya ce mu 'yan uwa ne, addinanmu duka zaman lafiya suke koyarwa, ɓata-gari ne daga waje suka shigo mana. A tafa. Wani ya hau ya maimaita, a sake tafawa. Faston waccan cocin yana wurin, wani dogon mutum mai gilashi da furfura a gefen kai. Aka haɗa su da Baba suka yi musafaha, aka ɗauki hoto. Babu wanda ya ambaci fili, babu wanda ya ambaci rufi. A tasi muna dawowa, da muka kusa gida Baba ya ce, "To, mun dai sha lemo."

A kasuwa akwai wata dattijuwa da ke zama daura da rumfata, tana kawo kabeji da karas daga gonarta. Kowa Mama yake ce mata. Ita ce shugabar zumuntar mata ta waccan cocin. Kafin rikici, in ta sauke kaya sai ta ware kabeji mai kyau ta ce in kai wa mahaifiyata. Bayan rikici gaisuwarmu ta koma ɗaga kai daga nesa. Mijinta ya fita a ranar da rikicin ya ɓarke, bai dawo ba, kuma ni na rasa da wane baki zan yi mata magana.

Washegarin taron ina jera kwanduna sai na ga inuwa a kaina. Mama ce. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, ba ruwanta da namiji ko mace a magana, amma ba ta ɓoye komai.

"Na gan ka a talabijin jiya, kana tafi," ta ce. "Me kuka yi magana?"

"Maganar zaman lafiya, Mama."

"Malaminku ya faɗa wa fasto yana so ku dawo filin?"

Na ce a'a.

"Fasto ya faɗa wa malaminku mu muna tsoro ku dawo?"

Na sake cewa a'a.

"To ba ku yi magana ba kenan. In malaminku yana son magana na gaskiya, ya zo makarantan firamare na bakin gada ranar Laraba da yamma. Zan kawo fasto. Ba lemo, ba hoto."

Da na kai wa Baba saƙon sai ya ce, "Mace ce ta ce haka?" Na ce e. Ya ce, "To za mu je."

Makarantar tana daidai tsakaninmu da su. A aji muka zauna, kan bencin yara, manyan mutane gwiwa har haɓa. A ɓangarenmu akwai Baba, da wasu dattawa, da shugaban 'yan agajinmu, wani bakanike mai saurin fushi, sai ni. A nasu akwai fasto, da dattawan coci, da Mama. Baba ya yi addu'a, fasto ya yi tasa. Da Hausa aka yi komai, Turancina ya sake kwana a cikina.

Wani dattijo daga cikinmu ya soma da irin maganar Rayfield, cewa mu duka ɗaya ne. Bai kai ko'ina ba Mama ta ɗaga hannu.

"Baba, ka yi haƙuri. In mu ɗaya ne, ina mijina? Ya fita sayo mani magani. Har yau ban ga ko takalminsa ba. Ni in na ji mutane da yawa suna kabbara a kan hanya, tsoro yana kama ni, domin abin da na ji kenan a ranar, ina ƙarƙashin gado da jikokina. Yanzu kuna so ku wuce ta ƙofan cocinmu da kabbara, ku ce mani mu ɗaya ne?"

Na duƙar da kai ina kallon siminti. Shugaban agaji ya miƙe ya ce, "Mu fa? Ƙararrawar cocinku aka kaɗa a ranar aka tara matasa. Har yau in aka kaɗa ta yarana ɗaki suke shigewa. Malam, tashi mu tafi, ba zagi muka zo sha ba."

Baba ya kama gefen rigarsa ya ja shi ƙasa. "Zauna. Ba ta zage ka ba. Yau ne aka fara faɗa mana gaskiya."

Sannan ya juya wajen Mama. Tun da abin ya faru ban taɓa jin Baba ya yi maganar ɗansa a gaban mutane ba, sai ranar. Ya ce yaron malamin makaranta ne, yana dawowa daga aiki aka tare shi. Ya ce shi ya yi masa wanka da hannunsa, kuma da ƙyar ya gane shi. Ya faɗa a hankali, ba kuka, ba ɗaga murya. Ya ce, "Baiwar Allah, ni na samu gawa, ke ba ki samu ba. Naki ya fi nawa ciwo. Ba zan ce miki ki manta ba, don ni ma ban manta ba."

Fasto ya cire gilashinsa yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Malam, mun yi musafaha da kai a Rayfield, ban san ka rasa ɗa ba. Ban tambaya ba."

Ranar ba a yanke komai ba. Amma mun koma Larabar da ta biyo baya, da wadda ta bi ta. Wani zaman a tashi ana huci, wani a tashi ana raha. Sannu a hankali magana ta sauko daga sama ta dawo kan hanya: ta ina za a bi, wa zai tsaya a ina. Aka amince za mu yi Babbar Sallah a filin. Matasan coci da 'yan agajinmu za su tsaya a gauraye gefen titi. Kada kowa ya riƙo komai sai darduma ko tabarma. Mu kuma za mu sassauta kabbara in mun zo ƙofar coci. Wata Asabar muka je share fili, sai ga matasansu da fartanyoyi da adduna. Da farko kowa yana nasa gefen, kafin azahar an haɗu ana musun ƙwallo.

Ana cikin haka aka ga watan Zulhajji, aka lissafa, Sallah ta faɗo ranar Lahadi.

Sai gari ya ɗauka. A unguwarmu masu cewa tarko ne suka samu baki. A can ma aka ce wa fasto ya sayar da coci. Har wani babban ɗan sanda ya ba da shawara a ɗage sai wata shekara, ya ce taro biyu a kan titi ɗaya, lokaci ɗaya, ba zai ɗauki alhakinsa ba. Ni kaina na je zaman ƙarshe da niyyar in ce a haƙura.

Fasto ne ya fara magana. Ya ce sun tattauna da dattawa, za su yi sujadarsu tun da sassafe, su tashi kafin mu iso.

Baba ya ce, "A sanyin nan? Da tsofaffi da masu goyo? A'a. Ku yi ibadarku a lokacinta, mu za mu jinkirta har ku tashi."

"Malam, kuna da yanka a gabanku. Mu ba mu da rago yana jira."

"Rago ba ya gudu, a ɗaure yake."

Suka yi ta ja, kowa ya dage shi zai matsa wa ɗan uwansa. Mu da muka saba ganin ana faɗa kan wa zai riga, muka saki baki muna kallon ana faɗa kan wa zai bari. Ƙarshe Mama ta buga benci ta ce, "Ku biyu kun fi yara taurin kai. Mu manoma ne, asuba ba baƙonmu ba ne. Za mu zo da safe." Shi kenan magana ta ƙare.

Ranar Sallah aka tashi da sanyin Jos na ƙarshen shekara, wanda ke shiga har ƙashi. Na sa sabuwar shaddata, na ɗora hula, sannan na lallaɓa na zura kambas a ƙafa. Matata ta dubi rigar, ta dubi takalmin, ta ce, "Idi za ka ko tsere?" Na ce mata sanyi ne. Ta dai yi mini addu'a mai tsawo fiye da kullum.

Waɗanda suka fito ba su kai yadda muka sa rai ba. Da yawa sun tsaya daga bakin unguwa, darduma a kafaɗa, suna jiran su ga yadda za ta kaya. Baba yana gaba da sandarsa, ni ina gefensa riƙe da dardumarsa. Muka haye gada, muka wuce makarantar, muka shiga inda ƙafafunmu suka daɗe ba su taka ba. Matasa suna jere gefe da gefe kamar yadda aka tsara, ɗan agaji kusa da ɗan coci. Da muka hango cocin sai muka ga sun riga sun tashi, amma ba su tafi gida ba. Suna tsaye a harabar da kayansu na Lahadi, matan zumunta da zannuwansu iri ɗaya. Babu mai murmushi, a cikinsu ko a cikinmu. Muka sassauta kabbara har ta koma kamar raɗa.

Muna daidai ƙofar cocin aka ji wata ƙara, dam! kamar an harba bindiga.

Wani daga baya ya ƙwala ihu, "An fara!"

Duk ɗan Jos ya san abin da ke biyo bayan wannan kalma. Taro ya motsa kamar ruwa a kwano. Mata suka fara janyo yara. Na ga matasan da suke tsaye kafaɗa da kafaɗa sun ja da baya suna kallon juna, wasu har sun sunkuya suna laluben dutse, nasu da namu. Na ji wani ɗan sanda ya ɗana bindiga. Ni kuwa, gaskiya, kambas ya riga ya juya ni wajen gida.

Sai na ga Mama. Ta fito daga cikin matan, ta tako har tsakiyar titi ba tare da sauri ba, ta gyara zaninta, ta zauna daɓas a kan kwalta ta miƙe ƙafafu kamar tana tsakar gidanta. Wata mata ta biyo ta ta zauna. Wata ma ta zauna. Baba ya fizgi dardumarsa daga hannuna, ya shimfiɗa ɗan nesa da ita, ya ajiye sanda ya zauna shi ma.

Fasto ya gane. Ya ɗaga muryar nan tasa ta wa'azi wadda ba ta buƙatar lasifika: "Kowa ya zauna! Kowa ya zauna ƙasa!" Shugaban agajinmu, mai saurin fushin nan, ya busa usur ya kama: "A zauna! Wallahi duk wanda ya tsaya ni da shi ne!"

Sahu bayan sahu mutane suka dinga zubewa. Masu babbar riga, masu kwat, matan zumunta, matasan da dutse ke hannunsu. Wanda ke zaune ba ya gudu, ba ya jifa. Ni ma na sami kaina a ƙasa, ban san lokacin da na zauna ba. Titi ya cika da mutane a zaune cikin sanyi, kowa yana jiran abin da zai biyo baya.

Can sai ga wani mutum ya ɓullo daga kwanar ƙasa, hannuwansa a sama. Direban wata tsohuwar mota ce da ta ɗauko dankalin Turawa za ta Farin Gada. Ya ga jama'a zaune suna kallonsa, ya rasa wa zai roƙa.

"Don Allah ku yi haƙuri," in ji shi. "Taya ce ta fashe."

Baba ne ya fara dariya. Tun rasuwar ɗansa ban ga haƙoransa ba, sai ga shi yana dariya har rawaninsa na karkacewa. Fasto ya kama, Mama ta kama, dariya ta bi titi har can baya. Matasa suka zubar da duwatsu a ɓoye, kowa yana yi kamar bai taɓa ɗauka ba, suka ruga taya direba ture mota gefe.

Waɗanda suka tsaya a bakin unguwa suna hangen komai. Da suka ga mun miƙe mun ci gaba, sai suka kwararo. Kafin a tayar da salla fili ya cika har kan duwatsu. Mutanen coci suka tare mana hanya, suna juya motoci ta wata kwana. Da Baba ya ɗaga hannu ya yi kabbarar farko muryarsa ta karye, sai da ya sake. Na sha yin sallar idi kafin ranar da bayanta, amma ban taɓa jin goshina ya taɓa ƙasa da irin wannan daɗin ba.

Muna dawowa matan zumunta suka yi mana guɗa, ana ta "Barka da Sallah" daga kowane gefe. Da yamma kwanukan nama suka dinga haye gada, karon farko cikin shekaru.

Ba zan ce muku daga ranar Jos ta warke ba. Bayan 'yan shekaru wuta ta sake tashi a garin, kuma an yi asara mai yawa. Amma a wannan titin namu ba a jefi kowa ba. Kafin hayaƙi ya iso, Baba da fasto sun riga sun kira juna a waya, matasan da suka ture mota tare suka tsare gada tare. Zaman Laraba kuma ya ci gaba har bayan rasuwar Baba, kuma fasto yana cikin waɗanda suka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidansa.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, zaman tattaunawa ba ya fara aiki sai an yarda a faɗi abin da ke ciwo, a kuma zauna a saurari na wani ba tare da an tashi ba. Ba wanda ya bar addininsa a cikinmu, ba wanda ya ce na wani ya fi. Mun dai san abin da kowa yake tsoro, muka daina taka shi.

Bayan hutun Sallah na koma kasuwa, na tsallaka har wajen Mama na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata. Na ce, "Mama, me ya ba ki wannan dabara? Da bindiga ce fa?"

Tana ɓare ganyen kabeji, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wane dabara? Ni ma na ɗauka bindiga ne," ta ce. "Ɗana, a garin nan aka haife ni. Na gaji da gudu a ciki."